Dutsen Washi da Haƙƙin Abin Yanka



Tun ran da aka ga jinjirin watan Zulhajji, turakun raguna suka cika bakin hanya, ba ka jin zancen kowa a majalisa sai na tsadar dabba, da girman ƙaho, da dusa da harawar da za a ba ta kafin ranar Salla. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai, har na ga ya cancanci a keɓe masa filinmu na rediyo na yau sukutum, wani ɗan abu ne da bai fi tsawon taƙi ɗaya ba, wanda galibin magidanta ba sa tunawa da shi sai an sauko daga Idi, an kayar da rago, an fuskantar da shi alƙibla, sa'an nan a ji ana kiran yara a kawo wuƙa, a kawo ta kuwa rabonta da fita kube tun layyar bara, ta yi tsatsa, bakinta ya dakushe, mai gida ya durƙusa yana ta goga ta a daɓen siminti, alhali dabba tana kwance tana kallonsa. Abin nan da nake nufi shi ne dutsen washi.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar mas'ala ce wadda ba ta kai a kawo ta gidan rediyo ba. Imamu Muslim ya ruwaito wani hadisi daga sahabi Shaddadu ɗan Ausu, Allah ya yarda da shi, wanda Imamu Nawawi ya sa shi na 17 cikin Arba'una, littafin da kusan duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya karanta shi, kuma ma'anarsa a taƙaice ita ce Allah ya hukunta ihsani a kan kowane abu har ga yanka, kuma cikin hanyoyin ihsanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambata akwai wasa wuƙa da hutar da abin yanka. In kuma muka koma ga fiƙihun da muka tashi a kansa, wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san sharaɗin yanka a mazhabar Malikiyya shi ne a katse maƙogwaro da jijiyoyin jini biyu na gefen wuya, kada a ɗauke hannu kafin a ƙare, ko da yake malamai suna da tafsili a kan wanda ya ɗauke ya mayar nan take. To, wanda wuƙarsa ba ta ci, wanda sai ya yi ta kai da komowa kamar mai aiki da zarto, ya tsaya, ya nemi wata, shi ne ya fi kowa kusa da faɗawa cikin shubuha, ban da azabar da ya ɗora wa baiwar Allah wadda ba ta da bakin kai ƙara. Saboda haka neman dutsen kirki yana cikin shirin layya, kamar yadda neman ruwa ke cikin shirin alwala.

Kafin mutum ya sayi magani, ya kamata ya san cutar. Abin da muke kira kaifi shi ne haɗuwar fuskoki biyu na bakin wuƙa a kan layi guda, siriri ƙwarai har ido ba ya iya kama shi. Shi ya sa in ka juya bakin wuƙa sama a cikin rana, ka ga wani wuri yana ƙyalli kamar farin zare, to nan ne ta dakushe, gama baki mai kaifi ba shi da faɗin da zai mayar da haske. Dakushewar kuwa ba iri ɗaya ba ce. Wani lokaci bakin lanƙwashewa kurum ya yi, ya kwanta gefe guda kamar yadda iska ke kwantar da karan gero, kuma wannan miƙe shi za a yi ba tare da an ci ƙarfe ba, aikin da ka ga mahauci na yi ke nan in yana goga wuƙa biyu da juna tsakanin wannan ciniki da wancan, ko yana shafa ta a jikin sandar ƙarfe. Wani lokaci kuwa bakin cinyewa ya yi saboda yawan aiki, har ya zama kamar gefen cokali, to nan sandar ƙarfe ba ta da sauran fa'ida, sai dutse. Mafi muninsu shi ne giɓi, wanda ke samuwa in an sari ƙashi ko wuƙa ta faɗa kan dutse, gama giɓi ba ya cikowa, sai dai a cinye sauran bakin gaba ɗaya har ya sauko daidai da gindin giɓin.

Dutse yana cin ƙarfe ne domin ƙwayoyin jikinsa sun fi ƙarfen tauri, kowace ƙwaya tana karce ɗan abin da ya sauwaƙa tana wucewa. Wani Bajamushe masanin ma'adinai mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai bisa taurinsu a shekarar 1812, daga lamba 1 zuwa 10, kuma a bisa ma'auninsa farin yashin nan mai sheƙi yana kan 7, yaƙutu yana kan 9, daimon yana kan 10, shi kuwa ƙarfen wuƙa galibi bai kai 7 ba. Dalilin da ya sa ke nan dutsen rafi, wanda yashi ne ya dunƙule ya zama shi, yake iya wasa addar manomi tun zamanin kakanni. Lambobin da ake bugawa a jikin duwatsun kanti kuwa wani hisabi ne dabam, girman ƙwaya suke nunawa: ƙaramar lamba, kamar 120 zuwa 400, manyan ƙwayoyi ne masu kaushi masu saurin ci, wajen 800 zuwa 1000 matsakaici ne, daga 3000 zuwa 8000 kuwa dutse ne mai sulɓi wanda aikinsa goge sawun da na bayansa ya bari. Sai dai a kula, lissafin Japan da na Amurka da na Turai ba su dace da juna ba, kuma sau da yawa dutse mai araha akan buga masa lambar da ta fi haƙiƙaninsa girma, saboda haka ɗan yatsanka da farcenka sun fi kwali gaskiya.

A nan ne na ga mutane da yawa suna yin kuskure, musamman samarin da suka ga hotunan duwatsu masu tsada a intanet, su ɗauka babbar lamba ita ce babban kaifi. Kashi mafi yawa na aikin washi a kan dutse mai kaushi yake ƙarewa. Wuƙar da ba ta sami baki a kan 300 ko 400 ba, ko za a wuni ana shafa ta a kan 8000, abin da za a samu shi ne dakusasshiyar wuƙa mai ƙyalli kamar madubi. In kuɗin mutum na dutse ɗaya ne tak, ni shawarata ya sayi matsakaici mai ɗan kaushi, ya bar mai sulɓi sai Allah ya hore.

Duwatsun da Allah ya halitta haka nan, waɗanda haƙo su kawai ake yi a yanka, akwai waɗanda suka yi suna a duniya. A jihar Arkansas ta Amurka, cikin tsaunukan Ouachita kusa da garin Hot Springs, ana haƙo wani dutse mai tauri mai ƙananan ƙwayoyi wanda ake aiki da shi da mai, ba ya saurin ci amma yana daɗewa bai lotsa ba. A ƙasar Beljiyam, wajen garin Vielsalm, akwai wani rawaya wanda masu aski na Turai suka daɗe suna ji da shi saboda taushin bakin da yake ba aska. Mutanen Japan kuma suna da nasu na kewayen birnin Kyoto, na ruwa, waɗanda wasunsu kuɗinsu ya fi na rago. Na ambace su ne domin a san da su, amma ban ga hujjar da za ta sa magidanci mai wuƙa uku a gida ya wahalar da aljihunsa a kansu ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne dutsen da maƙeri ko wanzami ke tsinta a bakin kogi, ya gwada shi da hannu, ya ajiye shi shekara da shekaru har ɗansa ya gada. Ba shi da lamba, ba shi da kwali, amma ga wuƙar maƙeranmu ya wadatar, aibinsa kawai shi ne wani lokaci akan sami wata babbar ƙwaya a tsakiyar ƙanana, wadda za ta riƙa karce baki tana ɓata abin da sauran suka gyara, kuma irin wannan ba a gane shi sai an ɗora masa wuƙa.

Na kanti kuwa, wanda ake yi a masana'anta, tarihinsa bai yi nisa ba. A shekarar 1891 wani Ba'amurke mai suna Edward Acheson, yana cikin gwaji da tanderun lantarki, ya sami waɗansu ƙwayoyi masu tauri ƙwarai, gamin sinadarin yashi da na gawayi, waɗanda taurinsu ya ɗara na yaƙutu kaɗan, ya sa musu suna kabarandam. Daga irinsu, da kuma ɗan'uwansu da ake yi da sinadarin alminiyon wanda asalinsa ɗaya da yaƙutu, ake curo dutsen nan mai fuska biyu, gefe guda kaushi gefe guda laushi, da ake samu wajen masu sayar da kayan gini da kayan kafinta a kowace babbar kasuwa. Tsakani da Allah, wannan dutse, duk da arharsa, ya ishi gida, muddin an zaɓe shi da lura. A nemi wanda tsawonsa ya kai kamar santimita 20, faɗinsa kamar 5, domin gajeren dutse yana tilasta hannu ya riƙa yankewa a tsakiyar tafiya, doguwar wuƙar yanka kuwa tana son a ja ta daga gindi zuwa tsini cikin numfashi ɗaya. A ɗora rula a kansa a ɗaga sama, in haske ya ratsa ta ƙarƙashi to ba shi da daidaito. A ƙwanƙwasa shi da ɗan ƙarfe, mai lafiya yana amo, mai tsaga yana amsawa a dushe. Sa'an nan a murza gefensa da babban yatsa: wanda ke zubar da gari kamar busasshen tubali ba zai kai layya biyu ba, wanda kuma ya yi sulɓi kamar gilashi a fuskar da ya kamata ta yi kaushi ba zai ci komai ba.

Sai maganar ruwa da mai, wadda ake yawan jayayya a kanta, alhali hikimarta ɗaya ce, watau a ɗauke garin ƙarfen da ke fita kada ya toshe idon dutse. Wanda ya fara da ruwa ya dawwama a kan ruwa, wanda ya fara da mai ya dawwama a kan mai, domin dutsen da ya sha mai ba ya sake karɓar ruwa. In mai za a sa, a sa mara kauri irin na keken ɗinki. Man gyaɗa da manja kuwa a nisanta su da dutse, gama suna daskarewa su yi danƙo su kashe shi. Duwatsun ruwa irin na Japan da ake yi a masana'anta, da yawansu sai an jiƙa su har kumfa ta daina fita, suna da saurin ci ƙwarai domin jikinsu na sakin tsofaffin ƙwayoyi yana fito da sababbi, amma wannan ɗabi'ar ce kuma ke sa su lotsa da wuri. Akwai kuma farantin ƙarfe da aka manna wa garin daimon, wanda ya yawaita bayan da aka gano yadda ake ƙera daimon a masana'anta a tsakiyar shekarun 1950. Ba ya lotsawa, ba ya bukatar jiƙo, sai dai ba ya son a danne shi, wanda ya danna da ƙarfi zai tumɓuke ƙwayoyin ya bar faranti tsirara.

Wane dutse ne ya dace da kai, amsar tana jikin wuƙarka. Wadda maƙeri ya ƙera daga sifirin ɗin mota baƙin ƙarfe ce, tana tsatsa in an bar ta da laima, amma tana karɓar washi cikin sauƙi, kusan kowane dutse yana cin ta, kuma tana ba da baki mai daɗin aiki. Farar wuƙar kanti wadda ba ta tsatsa, irin ƙarfen da Harry Brearley ya gano a birnin Sheffield na Ingila a 1913, takan yi wa dutsen rafi gardama, musamman mai arha, ta riƙa zamewa kamar ana wasa roba, saboda haka ta fi son na masana'anta. Waɗansu wuƙaƙen zamani kuwa masu tsananin tauri, daimon ne kaɗai ke sarrafa su ba da wahala ba, amma wanda ya mallaki irinsu ya riga ya san haka.

Yanzu, jama'a, na iso inda maganar ta fi nauyi a wurina, domin da dutsen kuɗi kaɗan a hannun da ya ƙware, da dutsen dukiya a hannun da ke rawa, na farkon ne zai yanka. Sirrin washi shi ne riƙe kusurwa ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka aza dutsenka kan jiƙaƙƙen tsumma domin kada ya zame. Ka tsayar da wuƙa cak a kansa, wannan digiri 90 ke nan. Ka kwantar da ita rabin haka, ka sake kwantar da ita rabin rabin, to ka iso wajen digiri 22, wanda ya yi kusa da 20 ɗin da galibin wuƙaƙen gida ke so a kowace fuska. Wadda ake son ta yi sirantaka don yankan nama zalla ana iya kwantar da ita zuwa 15, adda da abin saran ƙashi kuwa a ɗaga su zuwa 25 ko 30, domin gwargwadon sirantakar baki gwargwadon kaifinsa, gwargwadon kuma rauninsa. Wanda yake shakkar hannunsa ya shafa wa bakin tawada, ya ja sau biyu ko uku, ya duba: in tawadar ta goge a can sama ta bar ta bakin, ya kwantar da yawa; in ta goge a bakin kurum kamar gashi ɗaya, ya ɗaga da yawa; in ta goge duka faɗin bakin, to ya dace, ya kulle wuyan hannunsa a nan, ya bar kafaɗa da gwiwar hannu su yi tafiyar.

Sa'an nan ya lizimci fuska ɗaya, kada ya riƙa juyawa kowane ja, har sai ya shafa ɗaya fuskar da yatsa, daga gadon baya zuwa baki, ya ji wani ɗan leɓe na ƙarfe ya lanƙwaso yana kama fata. Wannan leɓen shi ne shaidar cewa dutse ya kai ƙarshen baki, kuma wajibi ne a ji shi tun daga gindi har tsini, domin duk inda babu shi nan ba a wasa ba, komai daɗewar da aka yi. In ya fito, a juya a yi wa ɗaya fuskar haka nan har ya koma wancan gefen. Daga nan sai a sauka kan fuska mai laushi, a rage nauyin hannu, a riƙa juyawa ja ɗaya nan ja ɗaya can, ana sassautawa har nauyin wuƙar kaɗai ya rage a kan dutse. Wanda bai san zancen wannan leɓe ba, sa'a ce ke wasa masa wuƙa, wata rana ta ci wata rana ta ƙi. Wanda kuma ya fito da shi ya bar shi bai cire ba, zai ga wuƙarsa ta yi kaifi na yanka ɗaya, a na biyu ta kwanta. Cire shi kuwa aikin fata ne, kuma a nan wanzami ne malaminmu: ku lura da shi in ya ciro aska daga zabira, yadda yake jan ta a kan fata baya-baya, gadon baya ne a gaba baki na biye, ba ya taɓa tura bakin cikin fatar. Tsohuwar ɗamarar fata da aka shimfiɗa kan katako ta isa.

Ga waɗanda hannunsu ya ƙi zama wuri ɗaya, masana'antu sun ƙago na'urori. Akwai irin ta kamfanin Lansky, wadda ke cije gadon bayan wuƙa, a zura sandar dutse cikin ɗaya daga ramukan da aka yi wa lamba 17, 20, 25 da 30, hannu ba shi da ikon karkacewa. Tana da kyau ga gajeriyar wuƙa, amma doguwa sai an yi ta kwancewa ana matsarwa. Akwai ta Spyderco, sanduna biyu na tangaran da ake kafawa kamar ƙahon rago a ja wuƙa tsaye a tsakaninsu, mai kyau ce wajen farfaɗo da baki, ba ta da ƙarfin gyara giɓi. Ƙaramar nan kuwa mai tsaga, wadda ake zura wuƙa a fizgo, wadda aka sa wa haƙoran ƙarfe masu tauri a ciki, ba na ba kowa shawarar ya kusantar da wuƙar da yake ƙauna gare ta, domin fige ƙarfe take yi, ta bar baki duk a kakkarce.

Amma abin da ya fi cin wuƙaƙen mutane a jajibirin Salla shi ne injin washi mai faifai, kuma wannan na gan shi a kan abin da nake ƙauna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini wata wuƙar yanka, ƙirar maƙeri, ƙotarta naɗe da jar fata, wadda tun ina yaro nake ganinsa yana zama da ita a inuwa kwana biyu kafin Salla, da ɗan dutsensa da ƙwarya ta ruwa, ba ya gaggawa. Wata shekara aiki ya sha mini kai, na miƙa ta ga wani mai inji a kasuwa. Ya danna ta a kan faifai, tartsatsi ya tashi, bai yi minti biyu ba ya miƙo mini ita tana aske gashin hannu, sai dai na lura tsininta ya yi shuɗi. Kashegari ta yi yanka lafiya, amma kafin a gama fiɗa bakinta ya naɗe kamar gwangwani. Da na kai ta wurin wani tsohon maƙeri na ce, "Baba, duba mini wannan," sai ya juya ta a rana, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, wuta ta sha ruwanta." Ya bayyana mini cewa taurin wuƙa daga gashi da tsomawa yake samuwa, kuma zafi na biyu in ya wuce kima yana warware abin da na farko ya ƙulla. Daga baya na tarar masana sun auna abin da ya faɗa: ƙarfe yana yin launin busasshiyar ciyawa a wajen digiri 230 na ma'aunin zafi, yana yin shuɗi a wajen 300, faifan injin kuwa yana juyawa kusan sau 3000 a minti, baki kuma siriri ne, ƙiftawar ido ta ishe shi ya ƙone. Sai da tsohon ya cinye kusan faɗin ƙwayar shinkafa daga bakinta kafin ya iso ƙarfe mai rai, kuma har yau in na ɗauke ta ina ganin ramar da ta yi. Ba na ce inji haramun ne ba. Akwai irin na kamfanin Tormek na ƙasar Suwidin, wanda faifansa ke juyawa sannu, kamar sau 90 a minti, cikin kwamin ruwa, ba ya ƙona komai, kuma ko na kasuwa, in mai shi yana taɓawa kaɗan yana tsomawa a ruwa, yana da amfani wajen cire babban giɓi ko gyaran adda. Amma wanda zai miƙa wuƙarsa ya tsaya a kanta, ya ga gwangwanin ruwa kusa da mai injin, in kuwa babu, ya karɓi abarsa.

Wanda ba shi da ko ɗaya cikin abin da na ambata, bai rasa hanya ba. Samfefa irin wadda ke jure ruwa, in aka shimfiɗa ta kan gilashi ko tayil mai santsi, mai lamba 400 sa'an nan mai 1000, tana yin aikin dutse. Gindin kofin tangaran, zoben nan da ba a shafa wa sheƙi ba, yana farfaɗo da bakin da bai mutu ba.

Ba kowace wuƙa ce ke son baki iri ɗaya ba, kuma gidan da za a yi layya ya kamata ya raba aiki. Ta yanka a keɓe ta ga yanka kaɗai, doguwa wadda ta zarce faɗin wuyan dabba sosai, a kai ta har dutse mai laushi da fata, a tabbatar babu giɓi ko kaɗan, ta hanyar jan bakin a hankali kan gefen farce, inda duk ya yi tuntuɓe to akwai saura. Masu yanka na Yahudawa ma haka suke gwada tasu, kuma a wurinsu giɓi ɗaya yana ɓata yanka. Ta fiɗa da yankan nama kuwa an fi son a bar mata ɗan haƙori, a tsaya wajen 600 zuwa 1000, domin shi ne ke kama jijiya da tantani maimakon ya zame. Ƙashi a bar wa adda ko gatari. In za a gwada kaifi, a yanka gefen takarda ko a ɗora kan nunannen tumatir a ja ba tare da an danna ba. Kada a bi bakin da yatsa ta tsawonsa, kada kuma a bar yara su yi.

Duk wannan a yi shi tun ana sauran kwana ɗaya ko biyu, cikin natsuwa, a wurin da dabba ba ta gani, domin malamai sun karhanta a wasa wuƙa a gaban abin yanka, kamar yadda suka karhanta a yanka wata a gaban wata. In an ƙare aikin Salla, a wanke wuƙa a tsane ta nan take, a shafa mata ɗan mai, a mayar da ita kube, kada a jefa ta cikin kwando tare da cokula. Shi ma dutsen a wanke masa garin ƙarfe, a ɗora masa rula a duba. In tsakiyarsa ta fara lotsawa, a zana masa layuka da fensir, a kifa shi kan daɓe mai daidaito da ɗan yashi da ruwa, a yi ta murzawa har layukan su goge baki ɗaya, sa'an nan a bar shi ya bushe a inuwa, a naɗe shi cikin tsumma, a ajiye shi inda ba zai faɗo ba.

Allah ya kai mu Salla lafiya, ya karɓi layyarmu.